Ranar da Na Ɗaura Sarƙa a Baibai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Mandera ba, zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Ina koyarwa a firamaren garin, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga babur, ga agogo, ga girman kai da ya fi ƙarfin wuyana.

Mahaifina kafinta ne a Bodinga. A cikin ƙurar katako na tashi, kuma ina son aikin, amma na raina zarton hannu. Sai wani kamfanin gyaran hanya ya naɗe kayansa saboda kwangila ta tsaya, aka yi gwanjon tarkacensa, na sayi injin yankan katako, irin mai sarƙar nan da ake tayarwa da igiya. Duk ƙarshen mako ina bayan gidanmu a Bodinga ina tsaga guntayen dogonyaro, maƙwabta na toshe kunne. Baba, wanda yanar ido ta riga ta rufe masa gani, yakan zauna nesa yana saurare.

A shekarar nan ɗalibanmu a ƙasa suke zama, don bencuna sun karye kuma an daina aiko da sababbi. Da iskar farkon damina ta kayar da wani ƙaton maɗaci a bakin gari, sai na miƙe a taron iyayen yara na ce a bar mini shi, zan fitar da katakon benci ashirin. (Ba wanda ya tambaye ni. Ni na ɗaga hannu.) Maigari ya ba da itacen, hedimasta ya sa rana.

Tsohuwar sarƙar ta dakushe, don haka na je Sakkwato na sayo sabuwa. Ban taɓa ɗaura sarƙa ba, yadda na sayi injin haka nake aiki da shi. Da safen Asabar na kwance noti biyu, na zagaya sabuwar a jikin ƙarfen, na ɗaure tamau, na ja ta da yatsa ta zagaya sumul. Na ce ashe abin ba wuya.

Ina ɗaure injin a bayan babur sai ga Baba ya fito da rigarsa ta Juma'a.

"Ka tahi da ni," in ji shi. "Na daɗe ban ji ƙamshin maɗaci ba."

Ban so ba, amma na goya shi, ya rungume injin a cinyarsa har Mandera. Da muka sauka ya miƙo hannu ya ce, "Bari in shahwa sabuwar sarƙar taka."

"Baba, wannan ba irin zartonku ba ne," na ce. "Kada ya yanke ka."

Ya janye hannunsa, aka shimfiɗa masa tabarma kusa da maigari. Har yau ina tuna yadda ya mayar da hannun nan cikin riga.

Gari ya fito kaf, har da masu fura da suka ajiye ƙorai. Na naɗe hannun riga, na ja igiya, inji ya ɗauka da ruri, mutane suka ja da baya. Na ɗora shi kan maɗaci na danna. Hayaƙi ya tashi. Na ƙara dannawa da dukkan ƙarfina, sai ƙauri kawai da ɗan baƙin zane a jikin itacen, kamar an goga gawayi. Na kashe, na juya ga jama'a na yi musu bayani, da muryar aji, cewa maɗaci itace ne mai taurin zuciya, sai an bi shi a hankali. Na sake tayarwa. Gumi ya jiƙa ni har wando. Na ce fetur ɗin ne aka gauraya. A karo na uku na ɗora laifin kan Turawan da suka ƙera injin.

Hedimasta ya matso ya ce, "Malam, ko a ɗebo gatari?"

Sai Baba ya tashi, yana lalube da sanda, ya zo ya durƙusa gaban injin. Wannan karon bai nemi izinina ba. Ya bari ya huce, ya bi sarƙar da babban yatsansa, gaba, sannan baya. Ya jawo kunnena don ya rufa mini asiri. Abin da na manta shi ne kunnen Baba ya yi nauyi, raɗarsa kuwa ana jin ta daga bakin kasuwa.

"Ɗana, baibai ka sanya ta. Haƙoran duk gida sunka nuhwa. Tun ɗazu da ƙeya kaka yanka."

Maigari ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Daga nan dariya ta ɓarke, har wata tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye. Na tsuguna ina kwance noti, sifana ta faɗi sau biyu. Baba ne ya riƙe mini ƙarfen, ya juya sarƙar, ya ce kada in ɗaure ta da yawa, in bar mata wurin numfashi. Da na sake tayarwa, injin ya shige maɗacin kamar wuƙa cikin kabewa, jar ƙura ta watsu a rigar Baba ta Juma'a. Ya damƙi ƙurar ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa.

Asabar huɗu muka yi a kan itacen nan, ni da shi. Yana shafa jikinsa ya gaya mini inda zai tsage da inda zai ba da katako mai kyau, mu ja zare da gawayi, in bi layi. Benci goma sha ɗaya muka samu, ba ashirin ba. A hanyar komawa yakan riƙe kafaɗata yana ba ni labarin ƙofofin da ya yi wa mutanen Danchadi tun kafin a haife ni. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Damina biyu bayan nan ya rasu.

Sunan Malam Baibai kuwa ya bi ni har na yi ritaya. Akwai masu furfura yau a Mandera da ba su san sunana na yanka ba, kuma na daina jin haushi. Da za a dawo mini da ranar nan, da dariyar da komai, in sake jin raɗar Baba a kunnena, da gudu zan karɓa.

Abin da na koya dai shi ne, in za ka yi kuskure, yi shi a bayan gidanku kafin ka gayyato maigari. In kuma tsoho ya ce bari ya taɓa, miƙa masa tun yana tambaya a hankali.