Man Shanun Alakos a Cikin Kalabiye

Har yau ban yarda laifin duka nawa ba ne. Baban Falmata, maigidana, ya yi watanni yana haɗa kalabiyen odinater, wato allon maɓallan rubutu na kwamfuta, da hannunsa, yana ɓalle maɓallan ɗaya-ɗaya, yana shafa musu wani ɗan mai da tsinke. Saura layi guda man ya ƙare, ya tafi Damagaram nemansa.

Ni kuwa Allah ya ba ni kunne. Na danna layin nan, na ji ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa cikin tuwo. Na ce, yanzu mai ne ya gagara a gidan nan? Na ɗauko man shanun ƙasar Alakos, wanda ko baƙi ba na zuba wa, na narkar, na bi maɓallan da cokali. Da na ji sun yi laushi, sai na ƙara wa sauran, kada a ce na yi rowa.

Ya dawo ya tarar man ya daskare, cinnaku sun ci kasuwa a ciki, ko harafi ɗaya ba ya motsi.

"Maman Falmata, kalabiye ne wannan ko tuwo?"

"Madalla! Godiyar ke nan? Man da na hana bakina?"

Bai tsaya nan ba, sai da ya kai labarin fada, majalisar hirarsu. Yanzu ko ƙofar maƙwabta ce ta yi ƙara, sai a leƙo ta katanga: "Makanisiya gwanar gyara, a taimaka a zo da cokali!"