Rasuwar Sikelin Shu'aibu Mahauci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta ƙi zama wuri ɗaya tun shekaranjiya, ni Shu'aibu mahauci na unguwar Rumde Ajiya, Garwa, ina sanar da rasuwar sikelina mai ƙugiya. Ya rasu ranar Litinin da hantsi, a rataye, yana bakin aiki. Shekararsa talatin da ɗaya a hannuna.

Marigayin bai taɓa ƙarya ba. Ya auna nama a kasuwa, bai san fuskar kowa ba. Da na tsufa na bar teburi, sai ya koma auna kayan matafiya. Duk mai hawa jirgi a unguwar nan, alhaji ko ɗan boko, a zaurena yake rataya akwatinsa. Ba a taɓa buɗe kayan da ya auna a filin jirgi ba, balle a zube wa mutum zannuwa a gaban jama'a. Maganarsa kaɗan ce. In kaya ya yi daidai, ya ce ƙiii. In ya wuce, ya ce ƙyas, ya yi shiru.

Ciwon ajalinsa ya faro ne da akwatin 'yata Balkisu. Ranar Alhamis za ta tashi zuwa Duwala, ta kwana biyu, ta wuce Dakar karatun likita. Shekara bakwai. Kamfanin jirgi ya ce kilo ashirin da uku, ko tsinke ba ƙari. Da labari ya zaga, maƙwabta suka cika gida da saƙo. Léontine ta kawo wa ɗanta na Duwala busasshen kifin Binuwai. Hamadu ya kawo man shanu a galan. Uwar yarinyar, Iyatu, ta cusa kuka da kuɓewa. A da marigayin ke korar irin wannan. Nakan nuna allura kawai, mai saƙo ya ɗauki abinsa, ba a ga laifina ba.

Wannan karon allura ta ƙi sauka. A cire kifi, a auna, ashirin da bakwai. A rage littattafai, ashirin da takwas. Iyatu ta zargi tsufan sikelin. Ba tsufa ba ne. Ni ne. Duk lokacin da ita da Balkisu suka shiga ciki, sai in ɗaga zannuwa in shimfiɗa kilishi a ƙasa. Ni na yi shi da hannuna. Ban san abin da ake ci a Dakar ba. Ranar Litinin na ƙara ƙunshi na shida, na rataya. Ya ce ƙyas. Na sake ratayawa da ƙarfi. Ya ce tas, allura ta faɗi.

Ya bar ƙusa ɗaya a bango, da wuƙaƙe uku abokan aikinsa, da akwatin da ba wanda ya san nauyinsa. Tun jiya nake ɗaga shi. Hannun dama ya ce ashirin da biyu, hagu ya ce ashirin da shida. Hamadu ya yi tayin aro mini sikeli mai batir. Na ƙi, sannan na aika a karɓo.

Za a binne marigayin ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin dalbejiyar ƙofar gida, in mun dawo daga filin jirgi. Ba salla, ƙarfe ne. Mai zuwa ta'aziyya ya zo hannu sake, ya koma da saƙonsa. Ba sikeli ya ƙi ba, ni na ƙi. Kilishi ƙunshi huɗu za a raba sadaka, na fitar da su da kaina.

Sauran biyun suna aljihun rigar sanyin Balkisu, da ita za ta shiga jirgi. Na bincika. Ba sa auna mutum.