Barnaba da Ƙarfen Majami'a

A ƙauyen Gidan Kanya an yi wani mutum mai suna Barnaba, yana zaune da matarsa Rifkatu da 'ya'ya uku da akuya ɗaya. Manomi ne mai ƙwazo, ba ya faɗa, ba ya gulma. Aibinsa ɗaya ne: yadda ka ajiye masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari dolo suke ce masa, amma cikin masu wayon nan babu wanda ya kai shi riƙon amana.

Abin da ya fi so a duniya shi ne ƙarfen majami'a, wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataya a reshen ɗorawa. Shekara goma sha biyu shi ke buga shi don kiran sujada, kuma a nan ne kaɗai gari ke amsa kiransa. A shekarar da muke magana, Dattijo Markus, shugaban dattawan ikilisiya, ya ce shirmen Barnaba ya ishe shi. Za a zuba masa ido har ranar Kirsimeti, in bai gyaru ba a karɓe sandar bugun a ba wani.

Wata rana Fasto Ishaku yana wa'azi, sai ya kawo zancen sunan bikin. Ya ce kalmomi biyu ne na tsohon Turanci aka haɗa, ɗaya Kiristi, wato Almasihu, ɗaya kuma sujadar da masu bi ke taruwa su yi, bakinmu ya lanƙwasa su suka zama Kirsimeti. Ya ce ma'anar ke nan, taron sujadar Almasihu, don haka shi ne mai taro, mu duka baƙinsa ne. Kowa ya gyaɗa kai ya tafi ya manta, ban da Barnaba. Ran Laraba matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suka zo koyon waƙa, suka tarar da shi ya tare ƙofa yana ta rafka sallama. Ya ce baƙo ba ya faɗawa gidan mutane sai an amsa masa. Suka yi lallashi, suka yi faɗa, ko gezau. Sai da aka zagaya da Fasto ta ƙofar baya ya amsa daga ciki, sannan aka samu hanya.

Wata rana Dattijo Markus ya ba shi bokitin farar ƙasa, ya ce ya shafe majami'a ciki da waje, kada ya bar ko'ina. Barnaba bai bar ko'ina ba. Bango, ƙofa, kujeru, teburin Fasto, har gangar mawaƙa sai da ta sha shafe. Da yamma Dattijo ya zo duba aiki cikin shuɗiyar babbar rigarsa, ya zauna a kujerar gaba yana yaba hasken wurin. Da ya miƙe ya juya baya, ko Fasto kasa riƙe dariya ya yi.

Wata rana, ana jajibirin biki, Rifkatu ta kwance akuyar ta miƙa masa igiya. Al'adar garin ce a kai dabbar biki wa maƙwabci Musulmi ya yanka, don in an aika da abinci kowa ya ci hankali kwance. Ta ce, "Baban Luka, kai wa Malam Haladu ya yanka, don maƙwabta su ci." Aka yanka, aka feɗe, Barnaba ya bi gida gida yana rabo, har kai da ƙafa. Ya dawo da igiya a hannu yana murna, ya ce maƙwabta duk sun samu. Rifkatu ta dubi tukunyar da ta ɗora, ta dubi igiyar, ta zauna a kan turmi.

Labari ya kai kunnen Dattijo kafin la'asar. Ya kira Barnaba ya ce magana ta ƙare. "Gobe bugunka na ƙarshe. Ka buga yadda kowa zai ji, kowa da kowa, sannan ka kawo mini sandar." Abin ya yi wa Barnaba ciwo ƙwarai, har ya kasa cin tuwo. Amma umarni umarni ne. Ya zauna yana bin gidajen ikilisiya ɗaya bayan ɗaya a zuciyarsa, ya ga kowa na jin ƙarfen daga gindin ɗorawa sai mutum ɗaya, Kaka Tabita, tsohuwar da ke can ƙetaren rafi. Kunnenta ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi, shekara uku ke nan ba a gan ta a sujada ba, kuma kowa ya ɗauka wani ne ke leƙa ta.

Da safe ya kwance ƙarfen, ya yi gammo ya ɗora a ka, ya ƙetare rafi, ya rataya shi a mangwaron ƙofar gidanta, ya shiga bugu da iyakar ƙarfinsa. Jama'a suka isa majami'a suka ga reshe wayam, ga kuma ƙara tana tasowa daga gabas ba ta da niyyar tsayawa. Dole aka bi ta, mata suna tattare sababbin zannuwa a bakin ruwa, maza na riƙe da takalma, Dattijo a gaba yana huci.

Da suka iso, faɗan da suka ƙunso ya maƙale. Kaka Tabita ta rarrafo har bakin ƙofa, ta ɗaura tsohon zanen zumuntarta, hawaye na bin fuskarta. Ta dubi taron ta ce, "Ashe har yanzu ana bugawa? Ni na zaci an daina."

Kunya ta rufe kowa. Fasto Ishaku ya ce sunan bikin taro ya ambata, bai ambaci gini ba, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. A nan aka yi sujadar shekarar, tsohuwa a tsakiya tana bin waƙa da muryarta mai rawa.

Da aka tashi, Barnaba ya zo ya durƙusa ya miƙa sandar da hannu biyu, kamar yadda aka ce masa. Dattijo Markus ya dubi sandar. Sai ya tuɓe hularsa, ya ɗauki gammon ya aza a kansa.

Ya ce, "Riƙe abarka. Zo ka ɗora mini ƙarfen, ni zan mayar."