Ranar da Na Wanke Rubutun Mahaifin Baba Idi

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Mansura, can ƙasar Larabawa inda nake aiki, ba, lokacin da aka fara sassauta kullen korona. Maƙwabcinmu Baba Idi, mutumin Zangon Kumasi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya gayyace ni cin waake, wato shinkafa da wake irin na garinsu, tare da matarsa, Mama Hajara. Ya san ina son tsofaffin abubuwa (ni ce mai shinshina littafi kafin in karanta), sai ya ce zai nuna min dukiyarsa.

Ya ciro wata tsohuwar fosta daga cikin kwali. Ta wani fim ce na baƙi-da-fari da aka yi bayan yaƙin duniya: mutum da malafa cikin ruwan sama, mace tana leƙe ta taga da taba a hannu. Fim ɗin bai yi suna ba, har ana cewa ya ɓata, shi ya sa masu tara irin waɗannan kaya suke ta roƙonsa ya sayar. Ya ƙi. Mahaifinsa ne mai haska fim a wata silima ta Kumasi.

"Ɗiyata, riƙe a hankali, bari in ɗauko tabarau," in ji shi.

Ni kuwa ma'aikaciyar jinya, wata da watanni hannuna bai san komai ba sai feshi da gogewa. Na hangi wani shuɗin datti a gefen takardar. Wallahi ban yi tunani ba. Na zaro sanitaiza daga jaka, na ɗiga a tishu, na goge, har ina jin daɗin kaina.

Ya dawo yana murmushi. "Kin ga nan gefe? Rubutun babana ne, ranakun da ya haska..."

Idonsa ya sauka a wurin da na goge. Tishun nan shuɗi yana hannuna.

Mama Hajara ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Nas, me kika yi?"

Na fara kuka cikin takunkumi. Baba Idi ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Khalas, ya wuce, bar kuka. Tsohon rubutun nan shekara sittin bai yi wanka ba, yau dai korona ba za ta kama shi ba."

Ya karɓi tishun, ya ninke, ya sa a kwalin tare da fostar.

Tun daga ranar, in aka miƙo min abin da ya girme ni, sai in harɗe hannuwa a baya in ce, "Ina gani daga nan."