Ranar da Daphi Ta Yi Bandar Faifai

"…lafiya ƙalau, Paieid. Ya sanyi? Ya gwiwa?"

"Gwiwa tana amsawa. Sau uku ke nan kina tambayarta. Me kika ɓoye a bayanki?"

Daphi ta ƙara matse mayafin da ta naɗe abin a ciki. Hantsi ne, ruwan saman garin Shillong na ta dukan kwanon rufi kwana na tara ke nan. Kakanta, Bah Donbok, wanda take kira Paieid, yana zaune a baranda yana naɗa goro a ganye, da tsohuwar baƙar tasar goron gidan a gabansa. Wata biyu da gama jami'arta, amma ko ranar jarrabawar ƙarshe gabanta bai faɗi haka ba. Gobe abokan kiɗansa uku, su Bah Tiplang, za su zo, kamar kowace shekara, su zauna gaban faifan garmaho guda ɗaya, na kiɗan blues mai jitar lantarki, wanda ya ɗauko daga Kalkata tun ba a haifi uwarta ba. Faifan ne a bayanta, kuma ya daina kama da faifai.

"Ba komai," in ji ta.

"Ba komai mai warin hayaƙi? Matso, mai gida."

Haka yake kiranta tun tana rarrafe, don ita ce autar autarsa. Gidan nan daga mace zuwa mace yake tafiya, kuma a kanta zai tsaya.

"Baƙo ba ya bincikar mai gida," ta ce. "Shekara hamsin kana zaune gidan kakata, har yau ba ka yi sallama ba."

"Ina jiran ruwa ya ɗauke ne."

"Da me ma ka zo gidan nan?"

"Da wando biyu, da faifai ɗaya, da kyan fuska. Wandunan sun mutu, saura biyu."

"Saura ɗaya dai."

"To, faifan ya ishe ni. Kin san a ka na ɗauko shi daga Kalkata? A ƙafa! Damisa ta tare ni a hanya, na rera mata waƙa ta uku, ta zauna tana kuka, har ta raka ni tasha."

"Bara giwa ka ce."

"Giwar a juyi na biyu ta zo. Ke me kika sani? Ku da kuke jin kiɗa ta waya, kamar sauro ya faɗa kwalba. Wannan faifan, idan mai jitar ya ja tsirkiya ɗaya ya riƙe ta, sai ka tuna duk wanda ya taɓa barin ka, har da waɗanda ba ka taɓa haɗuwa da su ba."

Daphi ta durƙusa, ta kwance mayafin, ta ajiye abin a ƙasa.

Gefensa ya tashi sama ya yi lanƙwasa biyar, tsakiyarsa ta lotsa. Maiƙo na ƙyalli a jikinsa.

Tsohon ya daina tauna. Ya duƙa, ya sansana.

"Wannan hular wa ce?"

"Faifanka ne, Paieid."

"Faifaina baƙi ne shimfiɗaɗɗe. Wannan kuwa kunnen jemage ne."

"Fumfuna na gani ta kama shi," ta ce da sauri, maganar na tuntuɓe. "Na ce bari in wanke maka kafin gobe. Na wanke. To ina abu ke bushewa a garin nan da damina? Na ɗora shi a ragar kan murhu, gefen nama da safarka. Minti biyar na ce. Sai aka kira ni a waya kan maganar aiki, na fita neman inda ake ji…"

"Kin samu aikin?"

"A'a."

"Madalla, an taimaki masu kamfanin. Me kika ce kin karanta?"

"Kimiyyar sinadarai."

"Shekara huɗu! Muka sa kwat, muka hau mota har Guwahati, na tafa miki har hannuna ya kumbura. Ashe bandar mawaƙa aka koya miki. Mutum huɗu ne a cikin faifan nan, Daphi. Sun tsallake teku, sun tsallake damisa, sai a kicin ɗinki aka gasa su da safa."

"Ai safarka ce ta narkar da shi, ba wuta ba."

"Naman fa?"

"Naman ya yi daidai."

"To yau mai cin naman nan zai kwana yana kukan jita."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta. "Gobe fa? Me za ka ce wa su Bah Tiplang? Tun safe nake neman irinsa, an ce sai daga waje, wata guda. Na ɓata muku rana. Ni komai na taɓa sai ya lalace."

Bah Donbok ya miƙe, gwiwa na ƙara, ya shiga ɗaki da faifan, ta bi shi. Ya ɗora shi a kan garmaho ya kunna. Faifan ya fara juyawa yana hawa yana sauka kamar kwale-kwale. Ba sauti ko kaɗan. Tsohon ya lumshe ido yana kaɗa kai.

"Paieid, ba ka sa allura ba."

"Shiru! Ga gangar nan ta shigo."

"Babu abin da ke fitowa!"

"Allurar ta karye shekara uku da suka wuce, kina can kina koyon banda. Mu huɗu kunne uku ya rage mana, biyu nawa ne. Zama muke yi mu kunna, yana juyawa, kowa na ji a kansa. Bara har faɗa aka yi, Tiplang ya riga mu shiga waƙa ta biyar."

Daphi ta buɗe baki ta kasa rufewa. "Wato gobe…"

"Gobe za su ce ba su taɓa jin sa da daɗi haka ba. Da can juyi kawai yake yi, yanzu har rawa."

Ya kashe garmahon, ya koma baranda, ya juye goron tasar nan a tabarma, ya miƙa mata ita. "Kifa ta."

Ta kifa. Ga ɗan rami a tsakiya an toshe da ƙaro, ga siraran layuka zagaye da shi. Tun tana yarinya take miƙa wa baƙi goro a cikinta.

"Na Kalkata ke nan," in ji shi. "Kakarki ce ta gasa shi, damina ta biyu da aurenmu. Ita da kifi ta haɗa shi. Wanda kika gasa, shi ta sayo ta ba ni haƙuri."

"Damisar fa?"

"Damisar tana nan daram." Ya fashe da dariya har goro ya sarƙe shi. "Na sallama, mai gida. Matan gidan nan ba a ja da ku: uwa ta bar wa 'ya gida, kaka ta bar wa jika murhu. Jibi, in tsofaffi sun watse, wannan da kika gasa naki ne, ki zuba goronki. Amma ki wanke shi."

"In shanya a ina?"

"Daphi, kawo min safata tun tana safa."