Tsohuwar da Ke Riga Kowa Ɗaukar Waƙa

"Lafiya lau, amma ba gaisuwa ta kawo ni ba, mijin banza. Matsa in zauna."

Kaka ce ta turo ƙofar ɗakin ɗaukar sauti, ta sauke kwalin ƙwan da take talla a kan lasifika, ta zauna da ƙyar. Dogo, jikanta, ya zare abin sauraro daga kunne yana murmushi, don ya san ruwa ba ya tsami banza.

Jiya gidan rediyo ya jero faifai goma na waƙoƙin yabo da suka yi fice a bana, sai ga na ƙungiyar matan cocinsu a na bakwai, kuma Dogo ne ya ɗauke shi a wannan ɗan ɗakin. Kaka ta shekara arba'in tana waƙa a ƙungiyar. Ta tara maƙwabta, aka saurari faifan daga farko har ƙarshe, ba ta ji muryarta ba ko sau ɗaya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Da safe ta ninke ɗankwalin ƙungiya ta sa a jaka, da niyyar mayar wa shugabarsu in ta tashi daga nan.

"Amarya, wannan fushi haka? Ko wani tsoho ne ya yi miki alkawari ya saɓa?"

"Kai ne tsohon. Ina ka kai muryata?"

"Na sayar. Wani manomi ya saya, yana korar tsuntsaye da ita."

"Ka ci gidanku. Da wannan muryar na yi wa ubanka waƙa har ya yi barci."

"Ya ba ni labari. Ya ce ba barci ba ne, suma yake yi."

Kaka ta kai masa duka da jaka, ya goce. Ta nuna bangon ɗakin, wanda aka lulluɓe da kwalayen ƙwai don kada sauti ya yi amo, ta tuna masa cewa kowane ɗaya daga hannunta ya fito, kuma yau za ta ɓamɓare abinta ta bar shi da bulo tsirara. Ta ce cire ta da ya yi ma da sauƙi, abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wadda ya bari a ciki.

"Wacce ke nan?"

"Wata mai muryar tsohuwar akuya. Kowace waƙa sai ta riga kowa ɗauka, kamar ana rabon nama. Wace ce?"

Dogo ya gyara zama, abin nema ya samu. Ya kunna waƙar farko. Kafin ganga ta shigo, wata murya mai kauri da ɗan rawa ta faso ita kaɗai, sannan sauran mata suka biyo ta a guje.

"Ka ji ta ko? Matar mai gyaran keke ce. Na sani."

"Ba ita ba ce."

"To uwar 'yan biyu ce. Tun da haƙorinta ya fita take busa maimakon waƙa."

"Ita ma ba ita ba ce. Amma ki ci gaba, ina jin daɗi."

Kaka kuwa ta ci gaba. Ta ce mai wannan murya ba ta da kunya, ba ta da miji mai faɗa mata gaskiya, kuma in da ita ce shugaba, da tuni ta ba ta aikin share coci a lokacin da ake waƙa.

"Batun miji kam kin yi gaskiya," in ji Dogo. "Mijinta tsoronta yake ji."

Sai ya juya ga kwamfuta, ya kashe kowace makirfo ya bar ɗaya. Muryar ta fito fili, da ƙarar awarwaro a bayanta. Kaka ta dubi awarwaron da ke hannunta. Waƙar ta ƙare, aka ɗan yi shiru, sai muryar ta yi ƙasa-ƙasa ta ce, "Mijin banzan nan zai sallame mu ne ko sai ƙafata ta karye?"

Kaka ta gane mai muryar. A duk duniya mutum ɗaya ne ke kiran Dogo haka.

"Laifi tudu ne, amarya. Kin taka naki, kina hango na matar mai keke."

"Ƙarya kake. Na'urarka ce ta lalata ta. A cikin kaina ba haka take ba."

"Kowa haka yake cewa. Tsaya ki ji wani abu."

Ya kashe tata, ya kunna na sauran. Nan da nan waƙar ta watse: wasu sun shiga, wasu na jira, mai ganga ta kama gabanta. Ya ce ya gwada cire ta har sau uku, ya gano ashe duk ƙungiyar bakinta suke jira. Ya ƙara da cewa mai shirin rediyon ma wannan muryar ya yaba, da Kaka ba ta cika ɗakin da tsaki ba da ta ji.

Kaka ta ce ya sake kunna tata ita kaɗai. Ta saurara, kai a sunkuye. Ba akuya take ji yanzu ba. Muryar innarta take ji sak, wadda ta koya mata waƙar farko a bakin murhu, ta kuma rasu ba a taɓa ɗaukar ko tarinta ba. Ta share ido da gefen zane, ta zaro ɗankwalin daga jaka ta ɗaura, har da karkata shi gefe.

"Wannan murya," ta ce, "da tsohuwar zuma ake magani. Na bakwai suka ba ni? Su waye shidan da ke gabana?"

"Ɗazu akuya ce."

"Akuyar da garke ke bi. Kai wa ke bin ka, in ban da sauro?"

Dogo ya ɗaga hannu biyu yana dariya, ya ce ya sallama. Kaka ta tura masa kwalin ƙwan gaba ɗaya, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Ka ci ƙwan, ka manna kwalin a bango. Amma in matar mai keke ta ji abin da na faɗa a ɗakin nan, na sake ka."

Dogo ya dubi jar fitilar da ke ci a kan na'ura, alamar tana ɗaukar sauti tun shigowar Kaka, ya ce, "To, amarya, gobe ki zo da kwali biyu."