Surukin da Ya Fito daga Sel

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Kawu ya kai ni Asokore Mampong, nan Kumasi, gaishe da mahaifin Hawa, yarinyar da nake son aura. Mahaifin nata malami ne mai makarantar allo, kuma an gargaɗe ni cewa kalma ɗaya ta isa ya sallami mutum.

Aikina a ɗakin bincike ne. Mukan karɓi ɗan jinin masu sikila, mu mayar da ƙwayoyinsa irin na tushe, masu iya rikiɗa su zama kowane sashen jiki, mu rene su a faranti muna kallon yadda cutar ke farawa. A wurin aiki "sel" muke ce musu. Abin da na sha'afa, saboda iyayi, shi ne a Kumasi in an ce mutum yana sel, to yana hannun 'yan sanda.

"Yaro, ina kake aiki?" in ji Malam.

Na gyara zama. "Ai tun da na gama jami'a ina sel, Malam. Ko Lahadi ban cika fita ba."

Ya ajiye carbi. "Subhanallahi. Me ka yi?"

Ni kuwa na ɗauka bajintata yake son ji (Kawu yana ta taka mini ƙafa, ina janyewa don in ba shi wuri).

"Jinin mutane muke ɗiba, amma da yardarsu. Mu da yawa ne, shugabarmu ma mace ce."

Malam ya ɗaga hannu ya fara roƙa mini shiriya. Ni ma na ɗaga nawa, ina amin da ƙarfi, har da kwantar da kai. Sai da ya kai kan "Allah ya raba shi da kurkuku" na gane. Wallahi na ji kamar tabarmar ta naɗe ni.

Dariyar Hawa ce ta ɓalle daga bayan labule. "Baba, ba sel na polis ba koraa, ko kaɗan! Maganin sikila suke nema."

Malam ya daɗe yana kallona. "Shi ne ba ka iya faɗi da Hausa ba?"

Ya ba ni Hawa, amma sai da na zauna gaban ɗalibansa na bayyana aikina ba Turanci ko ɗaya. Na yi gumi fiye da ranar kare digirina. Tun daga nan na koyi cewa in ana yi maka addu'a, ka saurari abin da ake roƙo kafin ka ce amin.